Batir na Rediyo, Batir na Kotu, Batir na Soja: Wace Kalmar Turanci Za Ka Ɗauka?

Wata ranar Asabar da la'asar muna zaune a ƙofar gida, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa yana dariya har da bugun cinya. Ya ce, "Kawu, dubi Turawan nan don Allah. Wai an kama wani ɗan wasa a Amurka, an rubuta 'charged with battery'. Yanzu cajin batir ma laifi ne a can?" Na karɓa na karanta labarin. Ashe mari mutumin ya sharara wa wani, 'yan sanda suka kai shi gaban alƙali. Ba batir a zancen, ba caji. "Charged" a nan tuhuma ce, "battery" kuwa duka ne. Yaron nan yana aji uku a jami'a, Turancinsa kuma ba na yarwa ba ne, amma kalmar ta yi masa shigar burtu, don tun tasowarsa da fuska ɗaya kawai ya san ta.

In ka buɗe ƙamus na kalmomi masu ma'ana ɗaya, za a jero maka "cell", "accumulator", "assault", "series", "artillery unit" a ƙarƙashin "battery", sai ka ce 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Kowace a ɗakinta take aiki, ka fitar da ita daga ɗakin ka yi abin kunya. Wanda ke fassara labarai, da ɗalibi mai shirin jarrabawa, da ɗan kasuwa mai odar kaya daga China, da wanda zai rubuta takardar ƙorafi ga 'yan sanda, duk suna cin karo da kalmar nan, kuma ba amsa ɗaya za a ba su ba.

Tushenta Faransanci ne, "battre", wato a doka, shi ma daga Latin ya gangaro. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16 da ma'anar duka. Daga nan aka kira luguden igwa a kan ganuwar birni da wannan suna, sannan aka kira jerin igwogin da kansu da shi. A 1749 Benjamin Franklin, can a Philadelphia, ya jera wasu kwalabe masu tara lantarki, ya haɗa su yadda za su saki wutarsu lokaci guda, sai ya aro musu sunan jerin igwa. Shekara 51 bayan haka, a 1800, Alessandro Volta ɗan Italiya ya ɗora faifan tagulla da na zinki bisa juna, da tsumma jiƙe da ruwan gishiri a tsakani, wuta ta riƙa gudana ba yankewa, sunan kuma ya bi wannan ƙirƙira. Ka ga ke nan abu biyu ne a cikin kalmar, duka da jeri. Kowace ma'ana da za ka haɗu da ita, ɗaya daga cikin biyun nan ta ɗauko. Abin da ya ba ni dariya ma shi ne "bataliya" da muke cewa a Hausa, da "battle", da "combat", har da "debate" ta 'yan makaranta, duk dangin batirin tocilarka ne.

Bari mu fara da wadda aka fi sani. Malamin kimiyya zai ce maka abin da kake saka wa rediyo, irin Tiger Head ɗin nan da kowane mai tireda ke da shi, ba "battery" ba ne, "cell" ne, domin ƙwaya ɗaya ce mai ba da bolt 1.5. Sai an haɗa biyu ko fiye sannan a samu jeri, wato "battery". Na mota shi ne cikakken misali. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane yana ba da ɗan abin da ya haura bolt 2, shi ya sa tsofaffin batura ke da murfi shida na zuba ruwa, shi ya sa kuma ake ce masa mai bolt 12. Ɗan ƙaramin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, wanda ake saka wa makirfon masallaci, in ka fasa shi za ka tarar da 'yan ƙwayoyi shida a ciki. Na waya kuwa galibi ƙwaya ɗaya ce, amma ba wanda ke ce masa "cell" a kan titin Landan ko na Kano.

To wace za ka ɗauka? A takardar jarrabawar kimiyya, bi malaminka, ƙwaya ɗaya "cell", haɗaka "battery", don a kan wannan ana rage maki. A shago, a hira, a wasiƙa, ka ce "battery" ka wuce. Wanda ya shiga kanti a Ingila ya ce a ba shi "two cells" zai ga ana kallonsa, domin kalmar ta fi kai tunanin mutane ga ɗakin tsare masu laifi ko ƙwayar halitta. Ko "cell phone" da Amurkawa ke cewa ba daga batir ta samo suna ba, daga yadda ake yanka gari gida-gida ne, kowane yanki da turken sabis ɗinsa.

Akwai wuri ɗaya da bambancin nan ke taɓa aljihu, shi ne sayen batirin sola. Na litiyam ɗin da ake yayi yanzu, wanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki, kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.2. Masu haɗawa na jera 16 su samu 51.2, wasu kuma su jera 15 su samu 48 cif, duka biyun kuma a kasuwa "48 volts" ake ce musu. Ƙwaya ɗaya ce tsakani, amma ita ce fiye da kashi shida cikin ɗari na wutar da za ka tara, in girman ƙwayoyin ɗaya ne. Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce "how many cells?", a nan "battery" ba ta da amfani. Haka in kana rubuta wa kamfani a China. Ka rubuta "cells", ƙwayoyi tsirara za a loda maka, ba akwati, ba waya, ba allon nan mai hana caji wuce kima da ake kira BMS. In haɗaɗɗe kake so, wanda za a jona wa inbata kai tsaye, "battery pack" za ka rubuta. Na san wanda kuɗinsa ya kwanta wata uku a kan wannan kuskure, yana neman mai haɗa masa.

"Accumulator" kuwa ni dai shawarata a bar ta a littafin makaranta. Ma'anarta batirin da ake sake yi wa caji, irin na dalma da asid da Gaston Planté Bafaranshe ya ƙera a 1859, kakan batirin mota. Jamusawa har gobe da guntunta suke kiran batirin waya, "Akku". Amma a Turancin yau ta tsufa, kuma in ka faɗe ta a Ingila mafi yawan masu jinka tikitin cacar ƙwallo za su ɗauka, irin wanda ake haɗa wasanni da yawa a kai. Ka ce "rechargeable battery" kowa ya gane ka. Littattafan kimiyya na raba su gida biyu, "primary cell" mai ƙarewa a yar, "secondary cell" mai karɓar caji, wannan ma na aji ne kawai.

"Power bank" ba wani sunan batir ba ne, kaya ne dabam mai batir a ciki da na'urar da ke daidaita wutar da zai fitar. Sanin wannan na da amfani ga maniyyata da masu Umara, domin dokar jiragen sama ta hana saka shi a jakar da ake aunawa, sai ta hannu, kuma iyakar da ake bari ba tare da izini ba ita ce Wh 100, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Lissafin ba wuya. Mai lamba 10,000 mAh yana riƙe kusan Wh 37, ke nan iyakar ta kama wajen 27,000 mAh. In ma'aikacin filin jirgi ya ce "any spare batteries?", har da fawa bankinka yake nufi, kada ka ce babu.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci suna da tasu matsalar. A can an raba, na tocila da rediyo "pile", sunan da ya samo asali daga tulin faifan Volta, na mota da na waya kuma "batterie". Wanda ya tsallako da "pile" cikin Turanci ya shiga uku, domin a Turanci tsibi take nufi, jam'inta "piles" kuma basur ne. Ka ƙaddara mutum ya tsaya gaban mai kanti ya ce yana neman "piles" guda huɗu.

Sai yadda ake faɗin cewa caji ya ƙare. Mu nan mun saba da "my battery is down", kuma a Nijeriya ba wanda zai kasa gane ka. Baturen Ingila "flat" yake cewa, Ba'amurke "dead". Na fi son rabon Ingila in za a yi magana da makanike, domin "flat" na nufin ya zube amma zai tashi in an ɗora shi a caji ko an jona da wata mota, yayin da "dead" ke iya nufin ya tashi aiki sai sabo. "Low" kuwa saura ƙiris, irin lokacin da waya ke nuna ja. Suna kuma da wata magana, mutum ya ce zai je ya yi "recharge" na "batteries" ɗinsa, hutu kawai yake nufi. In kana fassara, ka ce zai je ya sarara.

Yanzu mu shiga kotu, inda ɗan yayata ya ɓata. A nan ne aka fi yin kuskure, don mutane na ɗauka "assault" da "battery" abu ɗaya ne, tunda kullum tare ake jin su. A dokar Ingila ta asali sun bambanta. "Assault" shi ne ka sa mutum ya ji cewa yanzun nan za ka afka masa, misali ka zaro sanda ka yi kansa, ko da ba ka taɓa shi ba. "Battery" shi ne taɓawar kanta ba da yardarsa ba kuma ba bisa doka ba. Ana iya samun ɗaya ba ɗaya. Wanda ya kai naushi ya kuskure ya yi na farko. Wanda ya lallaɓo ta baya ya kwaɗa wa mutum dutse, ko ya doki mai barci, ya yi na biyu ba tare da na farko ba, tunda wanda aka doka bai ga zuwan abin ba balle ya tsorata.

Abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne ba sai an ji ciwo ba. Tofa wa mutum yawu ya isa. Fizge masa riga ya isa. Likitan da ya yi wa mai hankali tiyata ba da izininsa ba, ba kuma cikin halin gaggawa ba, ana iya ƙararsa da wannan suna ko da aikin ya yi kyau. Akwai wata shari'a da ɗaliban lauya ke karantawa, Collins da Wilcock, ta 1984, inda wata 'yar sanda a Landan ta riƙe hannun wata mata don ta tsaya ta amsa tambaya, alhali ba kama ta take yi ba, kotu ta ce wannan riƙon "battery" ne. A hukuncin nan dai aka bayyana cewa gogayyar yau da kullum ba ta ciki. Wanda ya bangaje ka a cunkoson Kantin Kwari ana gobe Sallah, ko ya dafa kafaɗarka don ya tambaye ka hanya, bai yi laifi ba.

Amma kafin ka ɗauki kalmar ka saka a takarda, duba ƙasar da kake. A Ingila da Wales sashe na 39 na dokar Criminal Justice Act ta 1988 ya ambaci biyun. A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Kalifoniya da Fulorida suna da laifi mai suna "battery", shi ya sa kake yawan ganin kalmar a labaran 'yan wasa da mawaƙa, New York kuwa ba ta da laifi mai wannan suna, "assault" take ce wa dukan da ya jawo rauni. A Arewacin Nijeriya, Penal Code da ta fara aiki a 1960, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ita kuma ta Sudan bisa ta Indiya ta 1860, da wasu kalmomin take aiki: "criminal force" ga amfani da ƙarfi, "assault" ga barazanar, "hurt" da "grievous hurt" ga rauni ƙarami da babba. A Kudu, Criminal Code ta haɗe taɓawa da barazana cikin "assault" guda. Inda "battery" ke da rai a wurinmu shi ne ƙarar neman diyya, wadda mutum ke shigarwa da kansa ta hannun lauya.

Don haka in an mare ka za ka rubuta wa DPO takarda, kada ka wahalar da kanka da kalmar da ka tsinta a fim. Faɗi abin da ya faru: "he slapped me", "he punched me", "he beat me with a stick". Sa wa laifi suna aikin mai gabatar da ƙara ne. A hira kuwa "beating" ce kalmar, ba Baturen da zai ce an yi masa "battery" yana shan shayi da abokai. Mai fassara zuwa Hausa shi ma ya duba labarin kafin ya zaɓa. In mari ne ya ce mari, in duka ne ya ce duka, in ba a fayyace ba "cin zarafi" ko "kai wa mutum hannu" sun fi aminci, don kada ya rubuta "lakaɗa wa wani duka" alhali hula kawai aka tuge. A kula kuma da 'yar uwarta "battered". In an faɗe ta a kan mace, wadda miji ke jibga ake nufi, ko da yake yanzu an fi cewa "domestic abuse". In a kan mota ce, ta sha jiki. In a kan kifi ce a takardar gidan abinci, an tsoma shi ne a kwaɓin fulawa aka soya.

Ma'anar soja ba ta da sarƙaƙiya, sai dai tana yawan kayar da masu fassara. A rundunar atilare, abin da sojan ƙasa ke kira kamfani shi ake kira "battery", rukuni ne na igwogi, yawanci huɗu zuwa takwas, da sojojin da ke sarrafa su. Wanda ya yi kwas a makarantar atilare ta Kachia a jihar Kaduna ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Tun da aka fara kai wa Yukiren makaman Patriot a 2023, kalmar ta cika labarai, na kuma sha ganin an rubuta "batirin Patriot" sai ka ce abin saka wa agogo. Rukuni ne guda, da na'urar hango makami, da motar ba da umarni, da motocin harbawa. "Rukunin makaman kakkaɓo makamai masu linzami" ya yi tsawo, amma shi ne daidai. A Turanci "unit" za ta iya maye gurbinta in ba ka son maimaici, "battalion" kuwa ba za ta iya ba, don ta fi ta girma. Ƙarshen tsibirin Manhattan na birnin New York daga kudu, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa mutum-mutumin 'yanci, har yau "The Battery" ake kiransa, saboda igwogin da aka girke a wurin tun ƙarni na 17.

Daga jerin igwa aka samo maganar da ke rikita mai zuwa asibiti a ƙasar waje, "a battery of tests". Gwaje-gwaje ne da yawa da aka haɗa don gano abu guda, jini, fitsari, hoto, duk a tafiya ɗaya. Ana cewa haka ga tambayoyi, ga kyamarori, har ga lauyoyin da attajiri ya jero a kotu. A nan kam kana da zaɓi, kuma kowace kalma da ɗanɗanonta. "Series" na nuna ɗaya bayan ɗaya, kamar darussa. "Set" ba ta da zafi ba ta da sanyi, ita ce ta wanda ba ya son ya yi kuskure. "Array" na nuna an baje su ana gani, kamar kaya a kan teburin mai koli. "Barrage" ita ce mai faɗa, tambayoyi ne da aka yi wa mutum ruwansu don a ruɗa shi, irin na 'yan jarida ga ministan da ya yi kwaɓa. "Battery" na tsakanin "set" da "barrage", akwai tsari a cikinta, akwai kuma nauyi. In rahoton ofis kake rubutawa a kan gwajin da aka tsara, ɗauke ta. In takardar neman aiki ce, ka ce kana da "a range of skills", don "a battery of skills" kamar ka zo yaƙi ne.

Masu kiwon kaji sun fi kowa sanin ta ƙarshe. "Battery cage" shi ne kejin ƙarfe mai hawa-hawa da ake jera kajin ƙwai a ciki, kishiyar zuba su a ƙasa kan ɗusar katako da ake kira "deep litter". Wani abokina ya daɗe yana zaton da lantarki kejin ke aiki, har yana tambayar nawa zai kashe a sola. Jerin ne kawai ya ba shi sunan. A gonakinmu kalma ce ta sana'a, ba yabo ba zagi. A Turai kuwa ta yi baƙin jini, Tarayyar Turai ta hana irin tsohon kejin tun farkon 2012, kuma in Bature ya ce "battery hen" da tausayi ko ƙyama yake faɗa. Mai son tallata ƙwansa ga otal ɗin da Turawa ke sauka, ya san da wannan kafin ya buga ta a jikin kwali. Akwai ma ma'anar wasan besbol, inda mai jifa da mai cafewa tare ake ce musu "battery", sai dai wannan ba na jin za ta taɓa tare maka hanya.

Duk wannan bayani a zaune muka yi shi har aka kira magariba. Yaron ya karɓi wayarsa, ya danna, ta ƙi kawo haske, ga shi tun safe aka ɗauke wuta. Ya ce, "Kawu, flat ko dead?" Na ce ya kai wa mai caji na bakin layi da naira ɗari, in ta tashi zuwa isha'i ya dawo ya gaya mini.